Sarauniya Amina ta ɗan jira ni

Dala 70 ba kuɗin wasa ba ne ga ɗalibin da yake tura wa gida wani abu duk ƙarshen wata, amma a kan wasa na kusa kashe su. A Fabrairun 2025 aka fitar da Civilization VII, kuma cikin shugabannin da mutum zai iya zaɓa har da Sarauniya Amina ta Zazzau. Ni da na tashi ina jin labarin ganuwarta, ina ganin haka na saya.

Ga wanda bai san shi ba, wasan mulki ne na bi-da-bi a kwamfuta, kamar dara: ka yi naka motsi, abokan hamayya su yi nasu. Kana kafa gari, kana noma, kana ciniki ko yaƙi da maƙwabta. Matsalar ita ce na san halina tun daga Civilization VI, inda cikakken wasa ɗaya zagaye 500 ne. Babu inda zai sallame ka. Saura zagaye uku a gama ganuwa. Ana gamawa, saura biyar jirginka ya isa gaɓa. Na taɓa zama da ƙarfe tara na dare, ban ɗaga kai ba sai huɗu na asuba, ga aiki ƙarfe bakwai a ɗakin ajiyar kaya. Ranar na loda kaya a motar da ba tasu ba, shugaban aikinmu ya ja mini kunne a gaban kowa.

Steam na mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga awa biyu ba. Ina kai awa ɗaya da minti arba'in tare da Amina na ji tsohon ciwon yana dawowa, ga kundin digiri a gabana ko rabi ban yi ba. Na nemi kuɗina.

Da dala 25 daga ciki na sayi Slay the Spire, wasan karta na kamfanin Mega Crit da ya fito a 2019. Mayaƙin farko, Ironclad, da kati goma marasa ƙarfi yake farawa, kuma kuzari uku kawai kake da shi a kowane zagaye. Dodon da ke gabanka yana nuna abin da zai yi, sai ka zaɓa: ka kai sara ko ka kare kai. Bayan kowane faɗa a miƙo maka kati uku ka ɗauki ɗaya. Sai da na sha kashi sosai kafin na gane cewa sau da yawa ƙin ɗauka ya fi, don kati in sun yi yawa, mai kyan ba ya zuwa hannu lokacin da kake neman sa. In ka mutu kuwa, shi ke nan, ka koma farko da sabuwar taswira. Wannan tsari ya samo suna ne daga wasan Rogue na 1980.

Shi ma yana da nasa tarkon, kada wani ya ce na ɓoye: "bari in sake sau ɗaya." Amma hawa ɗaya kamar awa guda ne, kuma in an kashe ni babu garin da na bari ba a gama ginawa ba. Nakan rufe kwamfutar da haushi, in kwanta kafin sha biyu.

A watan Mayu zan miƙa kundina. Amina tana nan cikin jerin abubuwan da nake so, ina duba ko an yi ragi.