Kafin ka ƙara --no-sandbox

Buɗe burauza daga tagar rubuta umarni abu ne da nake so kowane ɗalibin kwamfuta ya iya. A Linux, rubuta firefox -P kawai, sai Firefox ta ba ka damar raba harkar ofis da ta gida, kowace da tarihinta da kalmomin sirrinta. Chrome kuwa, --incognito zai buɗe maka taga ta sirri, --kiosk kuma ya sa ta cika allo. Duk wannan babu laifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda matasa ke liƙa --no-sandbox da zarar Chrome ta ƙi tashi. Sau da yawa ta ƙi ne saboda an kira ta da asusun root, mai iko da komai a na'urar. Umarnin --no-sandbox yana rushe katangar da ke killace shafukan intanet, ta yadda mugun shafi da ya sami kafa zai fi saurin isa ga fayilolinka, kuma da cikakken ikon root. Maganin bai wuce ka fita daga root, ka shiga da asusunka na yau da kullum, ka sake kiran Chrome ba.