Zaga Duniya: Duwatsun Allin Da Teku Ke Ci

Wanda ya taso a jirgin ruwa daga Faransa ya nufi kudancin Ingila, abin da zai fara hangowa shi ne wata doguwar ganuwa fara fat a bakin teku. Ba ginin mutum ba ne, dutsen alli ne, irin wanda aka samo sunan allin makaranta daga gare shi. Wani yanki na wannan gaɓa yana cikin gandun shaƙatawa na South Downs, wanda gwamnatin Birtaniya ta keɓe a shekarar 2010.

Kada mai karatu ya zaci gandun namun daji ne. A'a, ƙasa ce ta tuddai da gonaki da garuruwa, mutane na zaune cikinta suna noma da kiwo. Akwai hanyar ƙafa mai tsawon mil 100 da ta taso daga birnin Winchester, ta bi ƙolin tuddai har garin Eastbourne na bakin teku. Mai ƙarfin tafiya yakan yi kamar mako guda kafin ya ƙure ta.

Masana sun ce wannan alli ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka yi ta taruwa a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi da suka wuce. Alli kuwa yana tsotse ruwa, saboda haka rafuka ba su da yawa a bisa tuddan. Ruwan sama yakan nutse ƙasa, daga can ake jawo shi ana shayar da birane kamar Brighton. Gajeriyar ciyawar da ta lulluɓe tuddan kuwa aikin tumaki ne. Da za a janye su, da ƙaya da sarƙaƙiya sun cinye wurin.

Amma inda ido ya fi ƙoshi shi ne ƙarshen hanyar. Can ne tuddai bakwai da ake kira Seven Sisters, watau 'yan mata bakwai 'yan uwan juna, suka jeru suna fuskantar teku. Gaba kaɗan sai Beachy Head, mai tsayin ƙafa 531, wanda babu gaɓar alli da ta kai shi tsawo a Birtaniya duka.

To, ga abin mamaki. Farin da ake zuwa kallo, zaizaya ce ke kawo shi. Igiyar ruwa tana cin gindin dutsen, ruwan sama da sanyi suna tsattsaga bisansa, sai ɓangare ya rufta, sabon alli ya bayyana. Da an gina katanga an tare teku, da ciyayi sun rufe fuskar dutsen, farin ya dushe. Don haka hukuma ta zaɓi ta bar teku da aikinsa, mutane su ja da baya.

Ja da bayan nan kuwa ba kyauta ba ne. A Birling Gap akwai jerin gidajen da aka gina wa masu tsaron gaɓa tun ƙarni na 19. Teku ya yi ta matsowa, ana rushe su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka rushe a 2014. Haka kuma tsohuwar hasumiyar Belle Tout, wadda a dā take haska wa jiragen ruwa hanya kafin a gina wata a gindin dutsen a 1902. Da baki ya kusa cim mata, sai a 1999 aka ɗaga ta ɗungum, nauyin tan 850, aka tura ta baya ƙafa 56. An dai sayi lokaci ne, don teku bai fasa zuwa ba.

Saboda haka duk wanda Allah ya kai shi can, ya ji gargaɗin da aka kafa. Babu shinge a mafi yawan wurin, kuma ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafa tana iya zama babu komai a ƙasanta sai iska. Kada son ɗaukar hoto ya kai mutum baki, kada kuma ya zauna a gindin dutse don neman inuwa. Mai sauka bakin ruwa ya fara tambayar lokacin cikar teku. Rigakafi dai ya fi magani.