Tsohon bafal ɗin Kawu da kunyar da muka ɗora wa kanmu

Da aka zo rabon abin da kawuna ya bari a gidansa na Maraɗi, akwai abu guda da babu wanda ya kalla sau biyu: tsohon akwatin lasifika, irin wanda muke ce wa bafal. Kawu ya yi shekaru yana ba da hayar kayan sauti a wajen biki da suna da taron siyasa, kuma wannan akwatin shi ne mai fitar da ƙasan sauti, wanda idan aka kunna shi mutum ke jin dukan a ƙirjinsa. Da ƙananan lasifikokin caji na Sin suka cika kasuwa, sana'ar ta mutu a hannunsa, akwatin ya koma kusurwar zaure kaji na kwana a kansa. Matar Kawu ta ce a faskara shi ta hura wuta. Na ce, "Inna, ki bar mini shi." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, me za ka yi da bola? Ɗauka, ka rage mini shara." Sauran magada suka yafe mini suna dariya.

Yau akwatin nan yana ɗakina, ya zama ƙaramin kabad mai kanta biyu. Littattafai na sama, kayan shayi na ƙasa. Abin da ya sa na ga ya dace in yi rubutu a kansa shi ne dariyar da aka yi mini, domin ina ganin dariyar nan tana cin mana kuɗi fiye da yadda muke zato.

Bari in fara da dalilin da ya sa irin wannan akwati ya fi ƙarfin murhu. Lasifika tana fitar da sauti ne ta hanyar tura iska gaba da baya. Idan aka bar ta tsirara ba akwati, iskar da ta tura ta gaba da wadda ta ja ta baya sai su haɗu su kashe juna, ƙasan sautin ya ɓace. Aikin akwati shi ne raba su. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa guda, kuma lasifikar da ke ɗaukar wannan nauyi faɗinta kan kai inci 15 ko 18, wato kusan santimita 38 ko 46. Idan jikin akwatin ya yi rawa tare da ita, sautin ya lalace. Shi ya sa masu ƙera na ƙwarai ke amfani da katakon nan da ake mannawa falle bisa falle, mai kaurin milimita 18, su ɗaure cikinsa da sanduna, su sa ƙarfe a kusurwoyi da maɗauki a gefe. Sanannen akwatin kamfanin Ampeg mai lasifika 8, wanda ya fito a 1969, nauyinsa ya haura kilo 60, har makaɗa na kiransa firji. Na Kawu bai kai wannan ba, amma sai da mutum biyu suka ɗora shi a amalanke. Abin da aka gina don ya jure jijjiga da hawa da sauka a bayan mota, ba littafi da buta ne za su gajiyar da shi ba.

Kafintan da na kai wa dattijo ne a unguwarmu. Ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da bayan yatsa, ya ɓare ɗan gefen kafet ɗin da aka lulluɓe shi da shi, ya ƙirga fallayen katakon. Sai ya ce, "Malam, a ina ka samo wannan? Irinsa yanzu ko ka je da kuɗinka sai ka sha yawo." Na ce, "Baba, gado ne." Ya ce, "To ka gaji abin kirki." Ya cire matacciyar lasifikar, ya riƙe mayen ƙarfen da ke bayanta, yanzu da shi yake tsince ƙusoshi a cikin ƙasa. Ya yanke fuskar akwatin, ya kankare tsohon gam, ya goge da samfefa, ya kafa kanta biyu da ƙyaure, ya sa masa ƙafafu don kada ya zauna a ƙasa gara ta same shi. Maɗaukan gefe muka bar su yadda suke. Duka da ladan aiki na kashe jika 14.

Ranar da aka kawo shi gida, wani maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Ashe har abin ya kai ka ga kwasar bola?" Wasa yake yi, amma irin wasan da ke da gaskiyar zuciya a ciki. Mun kai wani matsayi da muke ganin duk abin da aka gyara ko aka sauya masa aiki alamar talauci ce, sabo kuwa ko da na bogi ne alamar rufin asiri.

Abin mamakin shi ne wannan sana'a tamu ce tun fil azal. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako a Yamai ya ji ƙarar guduma tun daga nesa: tsohuwar durom ta zama murhu ko akwatin ƙarfe, gwangwanayen lemo a narka su a zuba tukunya, tayar mota ta koma takalmi, robar cikinta ta koma guga. Haka abin yake a kasuwannin Damagaram da Tawa da Maraɗi. A Turai yanzu an ba wannan aiki sabon suna, ana sa shi a mujallu, ana sayar da teburin da aka yi da tsohon akwatin makaɗa da tsada. Mu da muka riga su, mun yarda da tukunyar Katako a madafa inda baƙo ba ya shiga, amma falo sai abin da aka fito da shi daga kwali.

To me ke cikin kwalin? Yawancin kabad da gadajen da ake jibga wa amare a yau an yi su ne da garin katako da aka cakuɗa da gam aka danne, aka manna masa leda mai ƙyalli. Ranar jere kam sai a yi ta guɗa. Amma ruwa na taɓa ƙasansa sai ya kumbura, kuma ramin ƙusa idan ya buɗe ba ya sake riƙewa. A tashi daga gidan haya sau biyu, sai a kwashe shi a buhu. Na san uban da bai gama biyan bashin kayan ɗakin ƴarsa ba, ƙyauren kabad ɗin ya riga ya faɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma wannan ko arahar ma babu.

A tuna kuma cewa ƙasarmu ba ta da dazuzzukan katako. Falankin da kafintocinmu ke aiki da shi daga ƙasashen kudu ake shigo da shi, kuma kowa ya ga yadda farashin kayan da ake shigowa da su ya tashi bayan rufe iyakoki a 2023. A jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun shafe shekaru tun daga wajejen 1980 suna renon kututturan gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Mutanen da suka san wahalar tsayar da itace guda haka, bai kamata su jefa ingantaccen katako a wuta don gudun surutun maƙwabta ba. Ballantana hayaƙin gam da fentin da ke jikinsa ba abin da za a shaƙa a kan tukunyar tuwo ba ne.

Akwai masu ja da ni da hujjar da na yarda da ita. Wani abokina da ke kaɗa jita ya ce mini, a ƙasar da matasan makaɗa ke rasa kayan atisaye, yanka bafal a mayar da shi kabad ɓarna ce. Yana da gaskiya idan bafal ɗin na da rai. Ƙungiyoyi irin su Tal National da Mamar Kassey ba su kai inda suka kai ba sai da kayan aiki, kuma yaron da ke mafarkin gasar Ɗan Gurmu shi ya fi ni buƙatar akwati mai magana. Lasifikar da ta ƙone sau da yawa tana gyaruwa, masu gyaran rediyo na sake naɗa mata wayar tagulla su sauya takardar. Don haka kafin a kai wa kafinta, a fara kai wa mai gyara. Na Kawu na kai shi, aka ce mini ƙarfen da ke riƙe da lasifikar ya tsage, kuɗin sabuwa kuma ya fi ƙarfin wanda zai saye shi. Sai da na ji haka na yarda a sa masa zarto.

Hujja ta biyu ita ce ba kowane bafal ne ya cancanci wahalar ba, wannan ma haka ne. Da yawa daga cikin na arha da garin katakon nan aka yi su. A duba gefen da aka yanka: idan an ga layi-layi, katako ne na gaske, idan an ga kamar dusa, a bar shi. A kuma yi hattara da audugar da ke ciki, domin wata ta zaren gilashi ce mai sa ƙaiƙayi da tari. A sa safar hannu, a rufe hanci, kada a bar yara su yi wasa da ita.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kafin a kira ƴan gwangwan ko a ɗauko gatari, a kira kafinta ya duba. Tsohon ƙyaure, gadon kaka, akwatin keken ɗinki, bencin lakwal da ya karye ƙafa, da yawansu katakonsu ya fi na shago. Kafintocinmu su ma su daina ɓoye irin wannan aiki a bayan rumfa, su fito da shi bakin hanya su faɗi asalinsa. Iyayen amare kuma su yarda ko abu guda ne a cikin jere ya kasance mai tarihi a gidan. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Da sallar da ta wuce Inna ta zo gidana. Ta zauna ta daɗe tana kallon kabad ɗin, sai ta miƙa hannu ta kama maɗaukin gefe, wanda ya goge saboda riƙon mijinta. Ta ce, "Wannan ba na kawunka ba ne?" Na ce shi ne. Ta yi shiru, can ta ce, "Akwai ɗan'uwansa a ɗakin ajiya, ban faskara ba. Ka turo a ɗauka, amma wannan karon ni za a yi wa."