Mun haddace igulu, mun manta jinka

Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya san igulu. Mushe ya zana shi a allo, muka kwafa a kaye muna riƙe baki: wai mutane su kwana cikin ƙanƙara don gudun sanyi! Amma ko sau ɗaya ba a tambaye mu abin da ya sa ɗakin tsofaffinmu a Bazaga yake da ɗumi a tsakiyar hunturu ba.

Ni da nake karatun ilimin harshe, kalmar ce ta fara tsaya mini a rai. A harshen Inuwit na arewacin Kanada, "iglu" gida kawai yake nufi, ko da me aka gina shi. Suna yanka daskararriyar dusar ƙanƙara kamar tubali, su jera a kewaye har ginin ya rufe a sama. Iskar da ke maƙale cikin dusar ita ke tare sanyi. Ƙofar ƙarama ce, tana ƙasa, makwanci yana bisa, don ɗumi sama yake hawa. Sannan su huda ƴar kafa saboda numfashi da hayaƙin fitila.

To, don Allah, wanne ne baƙo a nan? Shibci da aka baibaye jinka da shi iska yake riƙewa, kamar dusarsu. Bangon ƙasa mai kauri yana shan rana wuni guda, ya mayar wa mai ɗaki ɗumin da dare. Ga asabari a ƙofa, ga dangar zana ta tare iskar gabas. Gadon ƙasa kuwa, ƙarƙashinsa ake zuba garwashi, tsohuwa ta kwana bisa. Hayaƙi ya bi ta jinka ya fita. Nasu ana ce masa hikima, namu ƙauyanci.

Yau yaro in ya dawo ci-rani daga Legas ko Abijan, burinsa siminti da tol, don a ce ya waye. Tol ba ya riƙe komai: a Janairu firij, a Afrilu tanda. Sanyi ya matsa, sai a toshe taga, a shiga da kaskon gawayi, a ja ƙofar ƙarfe. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari, mai kashe mutum yana barci. Kafar da Inuwit ba ya mantawa da ita, mu mun liƙe ta da siminti.

Na san abin da za ku ce: jinka na cin wuta, ginin ƙasa na faɗuwa. Gaskiya ne. A damanar 2024 har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Amma ginin ƙasa yaɓe yake so da indararo mai kyau, kuma ba haram ba ne a yi masa tushe da simintin Malbaza. Ku je Yama, nan jiharmu ta Tawa: masallacin ƙasa da Falke Barmu ya soma a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa matsattse a 2018, tsohon ya koma ɗakin karatu. Baƙi na zuwa kallo, mu muna jin kunya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmomin. Azara, makuba, baibaya, ɗaɓe: kowace suna ce ta wani aiki. Ranar da aka daina faɗinta, hannun da ya iya aikin ya kusa bin ta. Ku gwada ƙannenku da su, ku gani.

Don haka, ƴan'uwa ɗalibai, hutun nan kowa ya ɗauki kaye da salula ya zauna gaban maginin garinsu. Ku tambayi sunan kowane abu da dalilinsa, ku kawo mu buga a fitowa ta gaba. Ni da Bazaga zan fara. Kuma kafin nan, in kun ga kasko a ɗakin tol da dare, ku buɗe taga ko da mai ɗakin zai zage ku.