Cinikin Sabuwar Mota: A Raba Kuɗin Mota Da Kuɗin Bashi

A wannan watan za mu taɓo maganar sayen sabuwar mota, kuma abin da ya jawo maganar shi ne jajen da muka je yi wa wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa a Zangon Kumasi kwanakin baya. Shekara biyu da suka wuce ya shigo unguwa da salun sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba, aka yi ta Allah ya sanya alheri. Yau ga shi motar ta koma hannun masu ba da rance, kafin alƙalamin da ya bayar ya tafi, abin da ya yi ta biya har wata 20 shi ma ya bi ruwa. Da muka tambaye shi nawa aka sallama masa motar, sai ya ce shi dai abin da ya sani, kaza yake biya duk wata. To, a nan gizo yake saƙa.

Mu dai ciniki gadonmu ne. Kakanninmu da ƙafa suka tako daga Kano da Katsina zuwa Salaga fataucin goro, ba a taɓa jin sun ɗaure kaya ba su san kuɗinsa ba. Amma abin mamaki, mutumin da zai ɓata awa guda a kan ragon layya, yana duba haƙora yana taɓa gadon baya, da zarar ya shiga ɗakin da kamfani yake baje motoci, sanyi ya buge shi, an miƙo masa kujera, sai kunyar tayi ta kama shi. Alhali kuwa mota ma haja ce, mai sayar da ita kuma ya bar wa kansa wurin ragi.

Abin da muke so a riƙe shi ne, mai sayen mota da bashi ciniki biyu yake yi: cinikin mota daban, cinikin bashi daban. Duk wanda ya yarda aka haɗe masa su, ya shiga duhu.

Bari mu fara da na farko. Motocin da muke nufi su ne matsakaitan salun irin su Toyota Camry, da Hyundai Sonata, da Kia K5, da Honda Accord. Kada mutum ya ƙwallafa rai a kan guda ɗaya, domin mai sayarwa yana karanta fuska. A zaga kamfani biyu ko uku, kowanne a karɓi farashinsa a rubuce, kuma a ce a rubuta jimlar abin da za a biya kafin mota ta hau titi, wato har da haraji da rajista a DVLA da lamba. Takardar wannan kamfani ita ce makamin da za a kai wa wancan. A tambayi shekarar da aka ƙera motar, a kuma gwada da abin da lambar shasi ta nuna, domin ƙirar bara da ta kwana a ajiye ta fi saurin samun ragi. Haka nan a tambaya ko a nan gida aka haɗa ta ko shigo da ita aka yi, tunda Volkswagen ya fara haɗa motoci a Gana a 2020, Toyota a Tema a 2021, Nissan kuma a 2022, harajin ta gida da ta waje kuwa ba ɗaya ba ne.

Sai maganar dala. Dokar ƙasa ta hana sa wa kaya farashi da kuɗin waje sai da izinin Babban Bankin Gana, amma kowa ya san da dala ake lissafin sabuwar mota a zuci. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 13, farashin motoci ya bi ta. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa ƙasa da 11 a tsakiyar shekara. Saboda haka a tambayi mai sayarwa a kan wane canji ya yi lissafinsa, a kuma sa ya rubuta farashin da sidi tare da ranar da zai daina aiki, kada a ba da kafin alƙalami a dawo a tarar an yi ƙari.

Idan ya tambaya nawa za a iya biya duk wata, a ce masa sai an gama cinikin mota tukuna. Idan akwai tsohuwar mota da za a bayar a cika kuɗi, a fara jin tayinta a waje. Idan dillali ne ya kai mutum, a san wanda zai biya la'ada tun da wuri. In kamfani ya ƙi rage kuɗi, a nemi ya ɗauki nauyin sabis na farko-farko ko rajista. In kuma an yi tayi ya ce albarka, a yi sallama a tafi, sau da yawa waya takan biyo baya.

Yanzu sai ciniki na biyu, wanda shi ne ya kayar da ɗan'uwan namu. Bari mu yi misali da rancen sidi 300,000 na shekara 3, a kan ruwa kashi 20 cikin 100. Idan ana lissafa ruwan a kan ragowar bashi, wato yana raguwa yayin da ake biya, za a riƙa ba da kimanin sidi 11,150 a wata, ruwan duka ya kama wajen sidi 101,000. Amma idan a kan uwar kuɗin ake lissafawa daga farko har ƙarshe, ruwan zai zama sidi 180,000, ga shi kuwa su duka biyun kashi 20 ake kiransu. Bambancin ya kusa sidi 79,000. Haka kuma idan aka ja wancan lissafi na farko zuwa shekara 5, biyan wata zai sauko ƙasa da sidi 8,000, mutum ya ji daɗi, amma ruwan ya tashi zuwa wajen sidi 177,000. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Don haka kafin a sa hannu a nemi amsar waɗannan a rubuce: nawa ne jimlar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, ruwan tsayayye ne ko yana bin ma'aunin da bankuna suke amfani da shi tun 2018, wanda yake hawa yana sauka, nawa ne kuɗin cike takardu, mene ne tarar jinkiri, akwai tara ga wanda ya biya kafin wa'adi, kuma bayan sashin wata nawa ake ƙwace mota. Ba a manta ba a watan Yuli na 2023 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30, masu rancen da ba tsayayye ba suka ɗanɗana kuɗarsu. Kuma kada a tsaya ga bankin da kamfanin mota ya nuna, a je a ji ta bakin wasu biyu. Mai rance zai tilasta cikakkiyar inshora har a gama biya, wannan ma a sa ta cikin lissafi.

Mun san da yawa daga cikinmu suna gudun bashin ruwa saboda haramcin riba. Masu wannan matsayi suna da adashi, wanda a nan ake kira susu, suna kuma iya neman cinikin murabaha, inda wani zai sayi motar ta zama tasa, sa'an nan ya sayar da ita da ribar da aka sani, a biya kashi-kashi ba tare da ƙari ba. Ko a nan ma sai an san kuɗin mota na asali kafin a gane ko ribar ta yi yawa, kuma yana da kyau a kai takardar wurin malami ya duba sharuɗɗanta.

Daga ƙarshe, a tuna ranar da mota ta fito daga kamfani darajarta take fara sauka. A leƙa Abossey Okai ko Suame Magazine a ji kuɗin kayan gyaranta, a kuma karanta sharaɗin garanti, domin yawanci yakan faɗi idan aka kai motar wurin bakaniken unguwa. Wanda biyan wata zai taɓa masa jari ko kuɗin makarantar yara, gara ya sauko zuwa ƙaramar mota ko ya ƙara haƙuri ya tara kafin alƙalami mai kauri. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ɗan'uwan namu ya ce mu gaya wa jama'a da a ce ya kai takardar nan gida ta kwana biyu, ɗansa mai karatun akanta ya duba, da bai sa hannu ba. Allah ya mayar masa da alheri, mu kuma ya kiyashe mu da aikin da-na-sani. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.