Manhaja ba ta san ƙofar gida a Gwiwa ba

Kamfanin kai saƙo da ya bar abokin ciniki ya cike bayanansa, ya biya, ya bibiyi kayansa ta waya, ya huta da albashin mai zaman kanta. A birnin Kano wannan riba ce. Amma daga Kazaure zuwa Roni ko Gwiwa, adireshi bai wuce "bayan masallacin Juma'a" ba, manhaja kuwa ba ta tambayar hanya. Mai babur ne zai yi ta kira yana kewaye, yana ƙona fetur da ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Abin da aka tattala a ofis, a hanya yake zubewa. Shi ya sa ɗan kasuwar Babura har yau direban tasha yake danƙa wa saƙonsa, domin direban ya san mai shi.