Ba yaran ne suka manta kalmar sirri ba, kwamfutar ce ta riga malam masallaci

Akwai wani kira da na saba samu daga makarantunmu na zango, kusan kullum da sassafe, kuma kusan kullum bayan an ɗauke wuta an dawo da ita: "Malam, kwamfutocin nan sun ƙi karɓar kalmar sirri." Na ƙarshe da na amsa daga wata makarantar Islamiyya ce a Kumasi, wadda wani bawan Allah ya ba kyautar kwamfutoci 20 na hannu, aka ɗora musu Ubuntu, aka ajiye babbar kwamfuta guda, wato saba, a ofishin shugaban makaranta tana riƙe da sunayen ɗalibai da kalmomin sirrinsu. Kafin in isa, an riga an sa yara biyu durƙuso bisa zargin sun taɓa abin da bai shafe su ba. Kafin wannan kuma, wani mai gyara ya yi wa shida daga cikinsu fomatin, ya karɓi kuɗinsa, matsalar tana nan daram.

Na zauna, ban taɓa komai ba, na bar minti biyu suka wuce, na ce wa ɗaya daga cikin yaran ya sake rubuta kalmar da aka ce ya lalata. Ta buɗe. Shugaban makaranta ya dube ni kamar na yi tofi.

Ra'ayina shi ne: mafi yawan abin da muke kira "kwamfuta ta ƙi kalmar sirri" a ɗakunan kwamfuta na makarantunmu da ƙananan ofisoshinmu matsalar tartibi ce, wato wa zai tashi kafin wa. Kuma wanda ya haɗa ɗakin ne ya kamata ya ɗauki nauyinta, ba yaron da ya zauna a gaban allo ba.

Ga yadda abin yake. Idan ka kunna kwamfuta, ƙananan manhajoji masu yawa ne ke tashi a bayan fage: mai kula da katin sadarwa, mai daidaita agogo, mai zuwa tambayar saba ko an san wane, da mai nuna maka wurin rubuta suna da kalmar sirri. A da, a Linux, ɗaya bayan ɗaya suke tashi, kamar masu bin layin famfo. A 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, wanda ke tashin su tare a lokaci guda don a rage jira, kuma a 2015 Debian da Ubuntu suka koma kansa. Saurin ya yi amfani, ba na musu. Amma ƙa'idarsa ita ce duk wanda ba a ce masa ya jira wani ba, ba zai jira ba. Sai allon shiga ya bayyana alhali katin sadarwa bai ma samu adireshi ba. Yaro ya rubuta kalmarsa daidai, manhajar SSSD ta nemi saba ba ta same ta ba, ba ta kuma da wata ajiya a gida da za ta duba, sai a mayar da shi. Abin haushin, allon ba zai ce "hanya ba ta buɗe ba tukuna" ba. Abin da yaro da malaminsa za su fahimta shi ne an ƙi kalmar.

A nan ne masu gyara da dama ke faɗawa wani rami. A systemd akwai alamomi biyu masu kama da juna, network.target da network-online.target. Ta farko ba ta nufin sadarwa ta kammala. Kawai tana nuna mai kula da sadarwa ya kama aiki. Ta biyu ce ke jira sai an samu adireshi, ita ma sai idan an kunna NetworkManager-wait-online a injin da ke amfani da NetworkManager. Sannan dole a rubuta abu biyu, Wants da After. Wants na cewa "a tayar mini da wannan", After na cewa "ni sai bayansa". Idan ka rubuta After kaɗai, kuma babu wanda ya nemi a tayar da abin, to ka sa a jira baƙon da ba a gayyata ba, sai a wuce kawai. Layi biyu ne, ana saka su da systemctl edit don kada sabunta manhaja ya share su. Wanda yake son ya ga wa ya riga wa, journalctl -b da systemd-analyze critical-chain za su nuna masa da daƙiƙoƙi. Ba duba ba ne, ba kuma sai an yi hasashe ba.

To amma mu a nan muna da abin da waɗanda suka tsara waɗannan manhajoji ba su cika fama da shi ba: dumsor. A ofishin da wuta ba ta yankewa, saba da na'urorin sadarwa suna kunne dare da rana, kwamfutar tebur kaɗai ake kashewa. Mu kuwa idan wuta ta dawo, kowa tashi yake yi tare. Kwamfutar ɗalibi ta fi kowa sauri. Suwic ɗin da ake cusa wayoyin a jikinsa sai ya gama nasa tashin, kuma idan irin wanda ke bin tsohon tsarin Spanning Tree ne, kowace kafa takan yi kusan daƙiƙa 30 tana saurare kafin ta bar saƙo ya wuce. Saba kuma ta fi su duka nawa. Saboda haka ko kwamfutar ta samu adireshi, ba lallai ne a ce wanda za ta tambaya ya farka ba. Maganin wannan ba a cikin kwamfutar ɗalibi yake ba. A saita kafofin da kwamfutoci ke ciki su buɗe nan take, abin da Cisco ke kira PortFast. A sa wa saba da suwic ƙaramin UPS, ko da babu kuɗin sa wa sauran. A kuma shiga BIOS na kwamfutocin ɗalibai a hana su kunna kansu da zarar wuta ta dawo. A makarantar da nake magana, wannan na ƙarshen kaɗai ya rage rabin ciwon kan.

Sai agogo, wanda shi ne ya fi ba ni takaici domin arharsa. Kwamfutocin da ake kawo mana na hannu sun sha shekaru, kuma a cikin kowace akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, da ke riƙe lokaci idan babu wuta. Idan ya mutu, injin yakan farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Kerberos, tsarin tantancewa da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, wanda Active Directory ma ke amfani da shi, bisa saitinsa na asali ba ya yarda agogon kwamfuta da na saba su bambanta fiye da minti 5. Kalmar sirri tana daidai, hanya a buɗe, amma a ƙi ka saboda agogonka na cewa shekarar baya ce. Ana iya sa mai tantancewa ya jira time-sync.target, tare da kunna hidimar da ke jira agogo ya daidaita da gaske. Sai dai idan Wi-Fi ɗin wurin irin mai duba takardar shaida ne, an shiga da'ira: agogo ba zai gyaru ba sai da sadarwa, sadarwa ba za ta karɓe ka ba sai agogo ya gyaru. Nan babu dabarar da ta wuce a buɗe akwatin a canja batirin. Huɗu daga cikin shidan da aka yi wa fomatin batir kawai suke nema.

Irin wannan da'irar tana faruwa kuma idan aka ajiye kalmar sirrin Wi-Fi a asusun mutum ɗaya: ba sadarwa sai ya shiga, ba shiga sai da sadarwa. A mayar da haɗin na dukan masu amfani da injin, shi ke nan. Masu Windows ma kada su yi dariya. Tun zamanin Windows XP tsarin yana nuna allon shiga ba tare da jiran sadarwa ba, shi ya sa a Group Policy akwai saitin "Always wait for the network at computer startup and logon". Cutar ɗaya ce, riga ce ta bambanta.

Yanzu ga inda nake saɓawa da wasu abokan sana'ata. Akwai masu saka umarnin sleep 30, wato injin ya yi barcin daƙiƙa 30 kafin ya ci gaba. Yana aiki, har ranar da saba za ta ɗauki 45. Ranar da komai yake lafiya kuma, an ɓata wa kowa rabin minti a banza. Akwai masu cire tantancewar baki ɗaya, su buɗe asusu guda marar kalmar sirri ga makaranta duka. Wannan ya fi muni, don na ga yarinya tana kuka saboda wani ya share aikin da ta yi mako biyu tana bugawa, kuma babu yadda za a san wanda ya yi. A ajin da minti 40 ne rabonsa a mako, kuma iyaye ne suka yi karo-karon kuɗin wutar, ba a wasa da irin wannan.

Akwai gaskiya a hujjar masu cewa jira yana da nasa tsadar. Idan ka sa komai ya jira sadarwa, ranar da aka cire waya injin zai tsaya minti ɗaya ko biyu yana kallonka kafin ya haƙura. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka da malami ke kai wa gida, wannan azaba ce. Na yarda. Shi ya sa ban ce a sa kowa ya jira kowa ba. Abin da ke buƙatar saba shi kaɗai za a sa ya jira. Sannan a kunna cache_credentials a SSSD, wanda a kashe yake zuwa, domin wanda ya taɓa shiga a wannan injin ya iya sake shiga ko saba tana barci. Wannan ba zai taimaki sabon ɗalibi ba, ko wanda ya sauya kujera, don haka ba ya maye gurbin gyaran tartibin.

Ga shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai da ke biyan kuɗin irin wannan aiki, shawarata guda ce, kuma ba ta buƙatar ku san ko harafi ɗaya na abin da na lissafa. Kafin ku biya cikon kuɗi, ku sa a kashe komai yadda ya kamata, har da saba da suwic. Sannan a kunna su duka a lokaci guda, kamar yadda wuta ke yi mana. Da zarar allon shiga ya fito, ɗalibi ya rubuta sunansa a injin da bai taɓa zama a kai ba. Idan ya shiga, ku biya. Idan mai aikin ya ce "Alhaji, ai sai an ɗan jira", ku tambaye shi me ya sa bai gaya wa injin haka ba.

Yaran biyu kuwa, na roƙi shugaban makaranta ya kira su gaban aji ya faɗa cewa ba su da laifi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya yi. Ƙaramin cikinsu ne na ba sukundireba ya canja batir na huɗu.